Zaɓen VPN a Kwamfutar Linux: Wa Za Ka Ba Amanar Saƙonka?

Gabatarwa

Kwanakin baya wata abokiyar karatuna ta zo mini da tsohuwar kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, irin tokumbo ɗin nan da yawancinmu muke lallaɓawa. Wa'adin da kamfanin Microsoft ya ɗibar wa Windows 10 ya cika a ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, ita kuma kwamfutar ba ta da ƙarfin ɗaukar Windows 11, sai wani ya ɗora mata Linux Mint. Kwamfuta ta farfaɗo, tana gudu kamar sabuwa. Abin da ya kawo ta wurina tambaya ce guda ɗaya: "Wace VPN zan sa? Na ga wata ta kyauta." Kafin in ba ta amsa sai ta nuna mini wani layin umarni da ta kwafo daga shafin kamfanin, wanda ya fara da kalmar sudo, saura kawai ta danna. A cikin wannan kwamfuta kundin digirinta yake, kuma da ita take shiga asusunta na banki.

Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi ɗan tsokaci a kan batun. Ra'ayina a taƙaice shi ne, zaɓen VPN zaɓen wanda za ka ba amana ne. Saboda haka bai kamata talla ko araha su yanke maka hukunci ba. Shaida ce ya kamata ta yanke, kuma mai amfani da Linux ya fi kowa samun damar neman wannan shaida.

Mene ne aikin VPN?

Duk lokacin da ka buɗe wani shafi a intanet, saƙonka yana bi ta hannun wasu kafin ya isa. Akwai mai Wi-Fi ɗin da ka hau, na makaranta ne ko na shago, akwai kuma kamfanin sadarwar da ka sayi data a wurinsa. Waɗannan suna iya ganin sunan shafin da ka nufa da lokacin da ka nufe shi. Shi kuma shafin yana ganin adireshinka na IP, wato lambar da ke nuna ƙasar da kake da kamfanin da ya haɗa ka.

Mu ɗauki misalin mutumin da ba ya son maƙwabta su san waɗanda yake aika wa wasiƙu. Sai ya tattara wasiƙun ya zuba a babban ambulan, ya liƙe, ya kai tasha ya ba wani direba. Direba ya kai ambulan wani gari, ya buɗe, ya rarraba wasiƙun, ya karɓo amsa ya dawo da ita a rufe. Maƙwabta dai sun ga mutum yana zuwa tasha, iyakar saninsu ke nan. Waɗanda suka karɓi wasiƙa kuwa direba suka gani. To, aikin VPN ke nan. Tana kulle duk abin da ya fita daga kwamfutarka, ta tura shi zuwa babbar kwamfutar kamfanin VPN ɗin, wadda ake kira uwar garke, daga can ne yake wucewa inda ka nufa.

Mai karatu zai lura da abu ɗaya a misalin nan. Maƙwabta sun daina gani, amma direba ya san mai aike, ya san inda aka aike shi, ya san ranar da lokacin. Sirrin yana nan, hannu kawai ya canja. In direban ba mai amana ba ne, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da VPN ba ta yi

'Yan Nijeriya da yawa sun fara sanin VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Dakatarwar ta kai har ranar 13 ga watan Janairu, 2022, kuma a watan Yulin wannan shekara kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke hukuncin cewa matakin ya saɓa wa doka. A tsawon waɗannan watanni bakwai VPN ta yi wa mutane rana, domin shafi ɗaya aka toshe, hanya kuwa tana buɗe. Amma a watan Satumbar 2021, da aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, babu wata VPN da ta amfani kowa. Direba ba ya tafiya inda babu hanya.

Bugu da ƙari, VPN ba ta ɓoye ka daga shafin da ka shiga da sunanka. In ka shiga Facebook ko Gmail da kalmar sirrinka, sun san kai ne, ko da adireshinka ya nuna kana Jamus. Ba ta hana ka faɗawa tarkon 'yan damfara masu turo saƙon ƙarya da sunan banki, kuma ba ta maganin muguwar manhajar da ka sauke da hannunka. Har ila yau, mafi yawan shafuka a yau suna amfani da HTTPS, wato kowace wasiƙa tana da nata ƙaramin ambulan tun daga gida. Mai Wi-Fi yana iya sanin ka shiga shafin banki, amma ba ya iya karanta kalmar sirrinka. Tallace-tallacen da ke tsorata mutane cewa duk wanda ba shi da VPN tsirara yake yawo sun zuzuta abin. Tambayar farko ke nan da ya kamata ɗalibi ya yi wa kansa: me nake son in ɓoye, kuma daga wa? Wanda ba shi da amsa, wataƙila ba ya bukatar VPN ko kaɗan.

Tsakanin kyauta da 'yanci

A nan ne nake ganin mu ɗaliban harshe muke da abin cewa. Turanci kalma ɗaya yake amfani da ita ga abin da ba a biya kuɗi ba da kuma abin da yake da 'yanci. Hausa ta raba su: kyauta daban, 'yanci daban. Lokacin da Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a shekarar 1983, 'yanci yake nufi, wato kowa ya sami damar karanta tushen manhaja, ya gyara, ya raba wa wasu. A kan wannan tafarki ne Linux ta ginu bayan Linus Torvalds ya fara rubuta ta a shekarar 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Mun saba samun Linux ba tare da biyan ko sisi ba, shi ya sa muke ɗauka duk abin da aka ce kyauta ne ɗan'uwanta ne.

Sai dai akwai bambanci. Manhaja in an rubuta ta, ana iya kwafa sau miliyan ba tare da wani ya yi asara ba. VPN kuwa hidima ce ta kullum. Uwar garke tana cin wuta, ana biyan hayarta, ana biyan kuɗin layin da take kai, ana biyan ma'aikata. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. In ba kai ne kake biya ba, to wani ne yake biya, kuma yana da abin da yake samu a jikinka.

Tarihi ya tabbatar da haka. A shekarar 2015 aka gano cewa Hola, wata VPN ta kyauta mai miliyoyin masu amfani, tana sayar da layin intanet na masu amfani da ita ga wasu ta hannun wani reshenta mai suna Luminati. Ma'ana, baƙon da ba ka sani ba yana iya aikata abin da ya ga dama, adireshinka ne zai fito. Kamfanin Facebook ya sayi Onavo a shekarar 2013, ya riƙa amfani da VPN ɗinta wajen sanin manhajojin da mutane suke amfani da su a wayoyinsu, har aka cire ta daga rumbun manhajojin Apple a 2018, aka rufe ta a 2019. A shekarar 2016 wasu masu bincike, ciki har da na hukumar CSIRO ta ƙasar Ostireliya, sun duba manhajojin VPN guda 283 na wayoyin Android, suka tarar kashi 18 cikin ɗari ba su kulle saƙo ko kaɗan, kashi 38 cikin ɗari kuma suna ɗauke da alamun muguwar manhaja. Binciken a kan waya aka yi shi, amma darasinsa ya shafi kowace na'ura.

Kada mai karatu ya ɗauka biyan kuɗi kaɗai ya wadatar. Kusan kowane kamfani yana rantsuwa cewa ba ya ajiye tarihin zirga-zirgar masu hulɗa da shi. A shekarar 2017 takardun wata shari'a a Amurka sun nuna cewa bayanan da PureVPN ta ba hukumar FBI sun taimaka wajen gano wani da ake zargi da musguna wa wata mata ta intanet. Babu mai hankalin da zai ji tausayin mai irin wannan laifi. Abin lura shi ne, an sami bayanan da masu saye suka ɗauka ba a ajiye su. Faɗa da baki ba wuya, gani shi ya kori ji.

Ma'aunai biyar ga mai Linux

Na farko, a duba hanyar da kamfanin yake bi wajen kulle saƙo. Biyu ne aka fi amincewa da su, kuma tushen kowacce a buɗe yake. OpenVPN ta fito a shekarar 2001 daga hannun James Yonan, ta daɗe ana gwada ta. WireGuard kuwa Jason Donenfeld ne ya ƙirƙiro ta, aka shigar da ita cikin zuciyar Linux a fitowa ta 5.6 a watan Maris na 2020. Tushenta bai wuce layi 4,000 da 'yan kai ba, shi ya sa bincika ta yake da sauƙi, kuma tana da sauri a tsohuwar kwamfuta. Kamfanin kirki zai ba ka ɗan fayil na saiti da za ka shigar a NetworkManager, wato manhajar da ke kula da haɗin intanet a Ubuntu da Mint da Fedora, ka haɗu ba tare da ka ɗora manhajarsa ba. Wanda ya ce dole sai da tasa manhajar, ko wanda har yanzu yake tallar tsohuwar hanyar PPTP da aka daɗe da karya ta, a bar masa kayansa.

Na biyu, in za a yi amfani da manhajar kamfanin, to a tabbata tushenta a buɗe yake. Kalmar sudo da abokiyar karatuna ta kusa dannawa tana nufin ka miƙa makullan gidan gaba ɗaya. Manhajar da aka ɗora da wannan iko tana iya karanta kowane fayil, ta goge abin da ta so. Mutumin da ya bar Windows ya koma Linux, sannan ya ba rufaffiyar manhajar da bai san mai ita ba wannan iko, ya rufe taga ne ya bar ƙofa a wangale. Kamfanoni irin su Mullvad da IVPN da Proton VPN sun buɗe tushen manhajojinsu kuma suna da na Linux. A kuma kula, ɗan ƙarin da ake liƙa wa burauza a kira shi VPN, burauzar kaɗai yake rufewa, sauran abin da kwamfuta take aikawa yana tafiya yadda ya saba.

Na uku, a nemi shaida daga bakin wanda ba mai kaya ba. Shin masu bincike masu zaman kansu sun duba kamfanin, kuma an wallafa cikakken rahotonsu yadda kowa zai karanta? A wace shekara? Me suka duba, manhaja kaɗai ko har da uwar garke? Akwai kuma shaidar da ta fi rahoto. A watan Afrilun 2023 'yan sandan ƙasar Suwidin sun je ofishin Mullvad da takardar izinin bincike, kuma kamar yadda kamfanin ya sanar, sun fita hannu rabbana domin babu bayanan masu hulɗa da za su ɗauka. Dama can kamfanin ba ya tambayar suna ko adireshin imel, lamba kawai yake ba mutum. Abin da ba a ajiye ba, ba a iya sace shi, ba a kuma iya ƙwace shi.

Na huɗu, a san mai kamfanin da dokar ƙasar da yake zaune. A shekarar 2022 hukumomin Indiya sun umarci kamfanonin VPN su riƙa ajiye bayanan masu hulɗa da su na tsawon shekara 5, abin da ya sa ExpressVPN da NordVPN da Surfshark suka kwashe na'urorinsu daga ƙasar. A shekarar 2021 kuma Proton Mail, wato sashen imel na kamfanin Proton, ya miƙa adireshin IP na wani ɗan gwagwarmaya a Faransa bisa umarnin hukumomin Suwizalan. Ba sashen VPN ba ne ya yi haka, amma ya nuna mana cewa babu kamfanin da zai shiga kurkuku domin kai. Game da mallaka kuwa, kamfanin Kape Technologies ya sayi CyberGhost a 2017, ya sayi Private Internet Access a 2019, ya sayi ExpressVPN a 2021. A wannan shekarar ta 2021 ya sayi kamfanin da ke da shafukan vpnMentor da WizCase, waɗanda aikinsu shi ne gaya wa mutane VPN ɗin da ta fi kyau. Idan mai kaya da dillali gida ɗaya suke kwana, sai mai saye ya buɗe ido. Yawancin shafukan nan masu jera "goma mafiya kyau" la'ada suke karɓa a kan duk wanda ya saya ta hannunsu.

Na biyar, a gwada da kai kafin a saki jiki. Sadarwarmu ta nan tana yawan tsinkewa, wuta ma haka. In VPN ta faɗi na ɗan lokaci, kwamfuta za ta koma aika saƙo ta tsohuwar hanya ba tare da ka sani ba, sai fa in akwai abin da ke datse intanet ɗin nan take har VPN ta dawo. A tabbata akwai wannan madatsa, a kuma jarraba ta, wato a kashe Wi-Fi a kunna a ga abin da zai faru. Haka nan a duba batun DNS, wato littafin adireshin da kwamfuta take tambaya kafin ta buɗe kowane shafi. Wani lokaci saƙo yana bin VPN amma tambayar tana zuwa ga kamfanin sadarwa, ka ga ke nan an rufe ambulan an rubuta sirrin a bayansa. Akwai shafuka masu gwada wannan cikin minti ɗaya. Sannan a fara da biyan wata guda. Rangwamen shekara biyu ko uku tarko ne ga wanda bai gwada ba, wanda kuma ya ce ka biya sau ɗaya ka more har ƙarshen rayuwarka, sai ka tambaye shi da me zai biya kuɗin wuta baɗi.

Ina ɗalibi zai sami kuɗi?

Na san wani zai ce, duk wannan maganar masu hali ce. Mullvad tana karɓar Yuro 5 a wata, in aka juya shi zuwa Naira kuwa kuɗin abincin kwanaki ne ga ɗalibin da ke ƙirga garin kwaki. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ba na raina ta. Amsata kashi biyu ce. Da farko, akwai kyautar da aka san inda kuɗinta yake fitowa. Proton VPN tana da tsarin kyauta wanda ba ya ƙayyade yawan data, masu biyan kuɗi ne suke ɗauke da nauyinsa, sai dai ƙasashen da za ka haɗu da su kaɗan ne kuma na'ura ɗaya aka yarda. Ga mai son kariya a Wi-Fi ɗin jama'a, wannan ya isa. Na biyu, zama babu VPN ya fi zama da muguwar VPN. Kamfanin sadarwarka aƙalla ka san sunansa, ka san ofishinsa, kuma yana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023. Shi kuwa kamfanin da ba ka san ko a wace nahiya yake ba, in ya ci amanarka, wa za ka kai wa ƙara?

Wani kuma zai ce, tun da muna kan Linux, me zai hana mutum ya yi hayar uwar garke ya kafa tasa WireGuard? Wannan yana yiwuwa, kuma hanya ce mai kyau ta koyo. Sai dai a sani cewa adireshin zai zama naka kai kaɗai, babu taron da za ka saje a cikinsa, kuma amanar ta koma hannun wanda ya ba ka hayar. Wanda rayuwarsa take cikin haɗari saboda abin da yake rubutawa, kamar ɗan jarida mai bankaɗo asiri, shi Tor ya kamata ya nema, domin tana bi da saƙo ta hannu uku yadda babu ɗaya da ya san mafari da makoma a lokaci guda.

Kammalawa

Abokiyar karatuna dai ba ta danna wancan umarni ba. Mun zauna mun duba shafin kamfanin tare, ba mu ga sunan mai shi ba, ba mu ga ƙasar da yake ba, ba mu ga rahoton kowane bincike ba. Da na tambaye ta me take son ta ɓoye, sai ta yi dariya ta ce ita dai ta ji ana cewa VPN tana da kyau. Abin da ta fi bukata a ranar shi ne ta kwafe kundinta a wuri na biyu, ta kuma canja kalmar sirrin da take amfani da ita a shafuka huɗu. Mun yi haka kafin mu tashi.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka koma Linux kwanan nan, da mu ɗauki wannan batu kamar yadda muke ɗaukar nazari a aji. Malamanmu ba sa karɓar magana daga gare mu sai mun faɗi inda muka samo ta da wanda ya faɗe ta. Mu ma kada mu karɓi alkawarin kamfani sai ya nuna mana mai shi, da ƙasarsa, da tushen manhajarsa, da wanda ya bincike shi. Babu wanda zai ba direban da bai taɓa gani ba kuɗin makarantarsa don kawai ya ce ba zai karɓi ladan aike ba. Allah Ya tsare mana sirrinmu, Ya ba mu sa'ar karatu, amin.